Ƙugiyar Malam Ƙasimu

Shafa'atu ce ta buɗe ƙorafin,
ranar Talata bayan la'asar,
tana tsaye a rumfar awon shinkafa,
ƙaiƙayi a gyale, waya a hannu.
Lamba ɗari biyu da sha huɗu:
"Sunan Malam Ƙasimu ba ya fita daidai a rasit."
Ta liƙa hoto. Babban yatsanta ya rufe rabinsa.

Da dare na gani, a ɗakin aikinmu na Argungu,
janareta na tari a bayan taga.
Allonmu gida huɗu ne:
sabo, ana kai, a duba, an rufe.
Katuna talatin da bakwai na jiran hannu.
Na shafa wa nata kore, wato ba gaggawa,
na rataya wa Nafi'u,
na koma kan jajaye.

Ja shi ne sikelin da ke ƙara kilo biyu.
Ja shi ne kuɗin da ya fita sau biyu ranar kasuwa.
Harafi ɗaya kuwa,
wa ya taɓa hana wa barci?

Nafi'u ya gwada a kwamfutarsa.
"Ba ya yi a tawa." Ya rufe.
Shafa'atu ta sake buɗewa:
"Ba a taka ake awo ba."
Haka katin ya yi ta kai-kawo
kamar jirgin fito ranar da ba kasuwa,
wannan gaɓa, waccan gaɓa, ba kaya.

Mainasara ya buɗe wani daga Suru:
an nemi Ɗahiru an rasa.
Na ce maimaici ne, na ɗaure shi da na farko.
Na uku ya zo, na ɗaure.
Igiya na tsawo, ni ina murna allo ya yi tsaf.

Sai ga mai sunan da kansa,
ranar da ake rabon bashin taki,
ya jingine keke, ya kwance leda,
ya jera rasit a kan teburina kamar mai shanya.
Buhu talatin da ɗaya ya kawo bana.
Manhaja ta ce Kasimu na da sha tara,
wani kuma mai alamar tambaya a goshi
na da sha biyu.
Ba wanda ya kai ma'aunin taki a cikinsu.

Bai ɗaga murya ba.
"Yaro, ni ɗaya na. Wa yar raba ni biyu?"

Ubana masunci ne.
Na sha ganin giwan ruwa a ƙarshen zarensa,
abin da ya riƙe ta bai kai ɗan yatsa ba.
Ni na tashi a gidan ƙugiya,
na bari ta faɗi daga sunan mutum.

Na mayar da katin ja. Na cire Nafi'u, na sa kaina.
Na karanta tarihinsa daga sama har ƙasa:
sharhi sha ɗaya, kowanne da suna da rana da awa.
Allo ba ya yi wa kowa kara.
Ga koren da na shafa, ga sunana a gefensa.

Ƙarfe biyun dare na kama shi:
tsofaffin wayoyin rumfa ne ke tauna harafin
kafin su aiko.
Layi uku na gyara. Uku.
Wata biyar, layi uku.
Na jera sunaye na gwada:
Ƙasimu, Ɗahiru, Sa'adu, 'Yar Buga,
kowa ya fito da ƙugiyarsa.
Na haɗe buhunan tsoho wuri ɗaya.

Na tura katin gidan a duba, ban rufe ba.
Wanda ya ga ɓaraka shi ke shaida ɗinki.

Ranar Alhamis ta rufe.
Ba ta ce komai ba, hoto kawai.
Yatsan nan dai ya rufe rabi,
amma Ƙ na tsaye a sama, kanta a lanƙwashe.

Kafin shayina ya huce
lamba ɗari biyu da sittin da ɗaya ta faɗo.
Ita ce dai:
"Takardar rasit ta ƙare.
Shi ma a nan ake faɗa?"