Shafin Yau

A Wad Madani, layin 'yan yadi,
kekena na jingine da shagon Sasun.
Kafin ya kwance ƙullin atamfa,
kafin shayinsa ya huce,
sai ya buɗe littafin nan mai faɗin faifai:
baƙi a tsakiya, sharhi kewaye da shi
kamar gonaki a bakin Nilu.

Shafi ɗaya. Kullum ɗaya.
Ranar da auduga ta faɗi, ɗaya.
Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi,
ɗansa ya riƙe masa.

Na ce, "Yaushe za ka sauke?"
Ya ce, "Shekara bakwai da watanni."
"Sannan fa?"
"Sannan in koma farko."
Na yi dariya har allura ta soke ni.

Ya ce can Bagadaza wani Bayahude
da bai taɓa gani ba
yana kan wannan shafin da safiyar nan.

Da zai tafi ya bar mini almakashi.
Yanzu zare ba ya shigar mini allura,
amma bayan asuba ina buɗe nawa.
Jiya tsoho Ɗanlami ya tambaye ni
yaushe zan sauke.