Ɗinkin Bahago

Ran Talata, ana yayyafi a Ullapool,
Struan ya shigo, ruwa na ɗiga daga gashinsa,
ya ajiye mini burgamen kakansa bisa tebur
kamar mai ajiye tsuntsun da fiffikensa ya karye.
"Saura mako uku aurena, Ishbel.
Da shi nake so in tsaya."

Na juya shi. Asu ya ci bikinsa a gashin,
tuntu uku, ɗaya ya kama gabansa,
bakin tagulla ya yi kore shar,
fatar baya ta bushe, in ka lanƙwasa ta sai ta yi ƙara
kamar ƙyauren da ya manta da mai.
Iskar teku ba ta yafe bashi,
gishirinta ya karɓi rabonsa tun ba a haifi yaron ba.

Ban yi alkawari ba. Fata ba ta jin rantsuwa.

Kwana biyu ina ba ta mai da kakin zuma
da ɗan yatsa, kaɗan-kaɗan, kamar mai jinya.
Na uku na ɗauki aska, na farke shafin ciki.
Rabin tikitin jirgin ruwan Stornoway,
garin taba, kwabon da ya daina sayen komai.
Sai ɗinkin.

Ya karkata hagu. Kowane na bakwai ninki biyu.
Na ajiye aska.
Mutum ɗaya ne a gaɓar nan mai wannan hannu:
bahago, mai tarin asuba, mai riƙe zare da haƙori,
wanda ya sha buge mini yatsu
don na ƙi ninka na bakwai.
Shekara ashirin da shida yana kwance bayan coci,
yau ga Baba ya aiko mini aiki.

Na yanka sabon baya daga fatar barewa.
Ban huda rami ko ɗaya ba,
basillata ta bi nasa, sawu cikin sawu.
Ni ba bahaguwa ba ce, dole na kifa aikin,
na yi ta ɗinki a juye har kafaɗa ta yi tsami.
Gashin doki na samo wa tuntu,
ya fi 'yan'uwansa duhu, zai koɗe ya tarar da su.
Tagulla ta sha toka da ruwan tsami,
amma lotsawar gefe na bar ta.
Ban san labarinta ba, ba ni da ikon share shi.

Struan ya ɗaura shi bisa zanen danginsu
mai kore da shuɗi, mai ninki a baya,
ya gyara sarƙa, ya tambayi kuɗi.
Na ce, "Biya rabina.
Ɗaya rabin kakanka ya biya tuntuni."

Ran Asabar na ji masu busa daga tashar jirgi.
Ban je ba. Ina da ɗamara a hannu,
ina ƙirga: biyar, shida,
na ninka.