Daren Talata a Dewsbury

Ni ne mai kulle ɗakin karatun garin nan,
makullai bakwai a ƙuguna.
Duk daren Talata sai na jira Misis Ackroyd
ta sallami ɗalibanta kafin in kashe wuta.
Ruwa na dukan taga, bututun ɗumama ɗaki na tari,
ni ko ina bakin ƙofa da tsintsiya, kunne a buɗe.

Yau darasin kunya ne da haushi.
Ta ja layi a allo daga ƙasa zuwa sama
kamar mai kafa tsani.

A ƙasa, in ji ta, akwai 'yar ƙaramar kunya,
ta wanda ya ɗaga wa baƙo hannu a titi
yana zaton abokinsa ne.
Wannan ba ta kwana.
Sama da ita akwai wadda muke ara wa tunkiya,
kai a sunkuye, murmushi rabi.
Akwai ta mai ƙwai a fuska.
Bogumila ta ɗaga hannu:
ɗanye ko dafaffe?
Ajin ya ɗauki dariya, har ni.

Akwai wata da ke tsuke jiki
in ka tuna abin da ka faɗa shekara goma baya.
Akwai wadda mutuwa ke kwance a tushenta,
amma mukan faɗe ta ko don shayi ya zube mana a riga.

Haushi kuwa, ta ce, ba ma fito da shi tsirara.
Sai mun sa masa kwat.
In Bature ya ce ransa ya ɗan sosu,
ku matsa, gobara ce.
In ya ce ba komai, to akwai komai.
In ya ce an ciyar da shi har wuya,
ba godiya yake wa mai tuwo ba.

Shekara sittin da ɗaya ina tauna kalmomin nan
ban taɓa duba cikinsu ba.

Can ƙurya Tesfay yake zama,
mai wanke motocin bas da asuba,
hannunsa duk ya tsage da sabulu.
Ya ce, Malama, ta can ƙolin tsanin fa?
Ta ce, wannan ba fuska take kamawa ba.
Sauran duk suna bukatar 'yan kallo,
ita ko tana zuwa ne bayan kowa ya watse.
Ta miƙa masa alli:
zo ka rubuta ta, Gareth.

Shiru.

Ba Gareth a rajista.
Ni na san Gareth. Gari duka ya sani.
Ɗanta ne, yana Hull, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna,
shekara tara ba waya ba wasiƙa
tun wata magana da ta faɗa a kan tebur
ranar bikin Kirsimeti.

Na ga jini ya hau wuyanta,
ya wuce sarƙar, ya kai kunne.
Ta gyara tabarau da bai karkace ba.

Bogumila, baiwar Allah, da biro a shirye,
ta ce, Malama, wannan wacce ce a ciki?

Misis Ackroyd ta dubi allon
daga ƙasa har sama.
Ta ce, ta farko ce, 'yar ƙaramar,
wadda ba ta kwana.
Duk suka duƙa suka rubuta.

Tesfay kaɗai bai rubuta ba.
Ya karɓi allin, ya je, ya zana kalmar ƙolin,
harafi biyar, a hankali, bai yi kuskure ba.

Da suka fita na goge allon.
Na bar saman, hannuna bai kai ba,
ko dai haka na gaya wa kaina.
Tana tsaye a tashar bas ba laima,
waya a tafin hannu tana haske,
ba ta danna ba, ba ta mayar jaka ba.
Na kulle ƙofa ta bakwai.