Tambayar Ranar Laraba

Da guntun alli na rubuta a allo:
"Wane ne kai? Wace ce ke?"
Aji uku, Majiya, bayan an dawo tara,
kwanon rufi yana ƙas-ƙas don zafi.

'Yan layin baya suka tuntsire da dariya.
Nazifi ya shafa leɓensa na sama
inda gashi huɗu suka leƙo makon jiya,
ya ce, "Malama, ai ko makaho ya gani."
Muryar ta tsage masa a tsakiyar magana,
'yan mata suka cusa dariya cikin hijabi.

Layi shida ya rubuta.
Babur ɗin yayansa. Buhun riɗi
da ya ɗaga shi kaɗai ran kasuwar Gujungu.
"Kuma akwai wadda take sona, ba zan faɗi suna ba."
Ina shakka ko ita wannan ɗin ta sani.

Barira ta cika shafi biyu, tana karewa da hannu.
Ta ce bara ba mai riga ta hawa tsamiyar makaranta,
bana aka ce ta sauko, ta girma.
Ita ba ta ji ranar da ta girma ba,
a bakin mutane ta tsinci labarin.
Hanyar famfo tana nan yadda take,
amma ta yi mata nisa
tun da majalisar mai shayi ta haddace sunanta.
In ta yi dariya, rawar kai.
In ta yi shiru, girman kai.
Akwai wani layi da ta goge har takarda ta huje,
a ƙasansa ta sa:
"A bar ni in san ni wace ce
kafin a tambayi ta wane ce."

Da aka tashi, Nazifi ya dawo,
wai biro ya manta.
Ya tsaya yana murza gefen benci.
"Malama, in namiji yana jin tsoro,
ba na kare ba, ba na duhu ba,
tsoro kawai,
an cire shi daga cikin maza?"
Kafin in haɗa amsa, abokai sun kira shi,
ya gyara tafiya, ya fita da faɗin kafaɗa.

Ta taga na hango Barira a gindin tsamiya,
ta ɗaga kai tana auna reshen farko da ido.

Jan birona yana hannuna har magariba.
Ban ba kowa maki ba.