Rai Uku a Idi-Araba

Tun asuba nake tsalle a garin nan.
Na tsallake kwatar ƙofar gida,
na tsallake ruwan da ya kwana a titi,
na ɗare danfo yana tafe bai tsaya ba,
kwandasta na zuba min Oshodi a kunne.
A Alaba Rago na tsallake buhunan albasa,
na tsallake idon mai bina bashi.
Kafin magariba gwiwa ta ce ta sallama.

Sai aka kawo wuta.
Unguwa ta ɗauki shewa, fanka ta farka,
Barira ta jawo igiya daga bayan talabijin,
ta ɗora min wani abu a tafi,
mai maɓallai kamar ƙwayar gurjiya.
"Baba, wannan gudu, wannan tsalle.
Kar ka matse shi, ba sitiyari ba ne."

Ga ɗan akuya, bai kai babban yatsana ba,
da jan ƙyalle a wuya,
yana tsintar mangwaro a sararin sama.
Gajimare ne matakalarsa,
kaguwa na sintiri a kan gada.
Na danna, ya ruga.
Na manta tsalle.
Rami ya haɗiye shi har ƙyallen.

Tasi'u ya kife a tabarma don dariya.
Inna Kuluwa, da ta ce aikin banza ne,
ta ɗago daga gyaran alayyafo:
"Kai, Sagiru, ka kashe wa mutane akuya."
"Kaka, saura rai biyu."
"Rai biyu? A Ikkon nan?
Wa ke rabawa, a sa ni a layi."

Na sake.
Kafaɗata na bin ɗan akuya hagu da dama,
ina ɗaga hannu sama kamar zan tallafe shi,
ni da nake ciniki da manyan dillalai
ga ni ina roƙon dabbar da ba ta cin dusa.
Na taka kaguwa, ta baje.
Wani ɗan kiɗa ya yi tirilin,
ƙirjina ya amsa.
Na saci kallon Inna:
duk sanda na yi tsalle
ƙafarta na barin tabarma da kanta.

Sai ga katako mai yawo a kan ruwa,
ya je, ya dawo, ya je.
Na yi gaggawa, na sha ruwa.
Dimeji, ɗan maƙwabta, ya manna hanci a taga,
da Hausarsa mai ƙamshin barkono:
"Baba Barira, jira shi! Zai dawo!"
Shekara ashirin da biyu
cunkoson Ikko bai koya min jira ba,
sai yaron da haƙoransa biyu suka zube.

Rai ɗaya ya rage, kamar na kowa.
Ɗaki ya yi tsit, har tuwo ya huce.
Na jira. Katako ya zo.
Na hau, na sauka, na haye.
Ga ƙofar ƙarshe tana ƙyalli,
taku uku tsakaninmu,
biyu,

ɗif.

An ɗauke wuta.
Duhu ya zauna a kanmu da nauyinsa,
janaretoci suka fara tari layi layi.
Ba wanda ya motsa.
Can Inna ta yi gyaran murya:
"Gobe ni zan riƙe masa linzami.
Kai hannunka na albasa ne."

Da asuba na tsaya bakin kwata,
ruwa ya ƙaru cikin dare.
Kafin ƙafata ta tashi
na ji babban yatsana a aljihu
ya danna.