Kwana ta Tara

Lahadi, tun ƙararrawar cocin Toca ba ta yi magana ba,
na zaro keken Baba daga bayan buhunan dankali.
Tsatsa ta ci wuyansa, gizo-gizo ya yi ɗaki a tayarsa,
sirdin ya lotsa daidai zaman wani, ba nawa ba.
Na ɗiga wa sarƙa mai, na ba taya iska,
ta yi ajiyar zuciya kamar tsohuwar da aka tasa daga barci.

Damina biyu ke nan Baba na kwance,
ɓarin hagunsa ya yi tafiya bai dawo ba.
Da rabin baki ya ce, "Nohemí,
je ki gano min hanyar Pesca.
Ki ƙirga min kwanoni. Kada ki sauka.
Shekara talatin ina hawan tudun nan,
ƙafata ba ta san ƙasarsa ba."

Hanya shiru.
Daga ni sai sarƙa, ƙis-ƙis, ƙis-ƙis,
sai motar madara guda da ta wuce tana tari,
sai wani kare mai ido ɗaya da ya raka ni har gada,
ya tuna ba wanda zai biya shi, ya koma.
Albasa na ƙamshi daga kunya zuwa kunya,
furen dankali ya yi wa gangare shuni.
Gajimare ya sauko kiwo cikin tumaki,
na kasa gane wanne ne gashi, wanne ne ruwa.

Can sai tudu ya miƙe tsaye.
Na sauke giya, na ƙara saukewa,
na laluba, babu saura.
Cinya na ci da wuta, sanyi na yankan kunne,
numfashi ya zama bashi, ina biya da ƙyar.
Kwana ta bakwai. Ta takwas.
A ta tara feda ta ƙi,
sai ka ce dutsen niƙa aka ɗaura mata.
Keke ya yi layi.
Ƙafata ta taɓa ƙasa.

Kunya ta fi gumi jiƙa ni.

Ga wata rumfar kwano a gefe, hayaƙi na fita ta tsaga,
ga tsohuwa cikin mayafin gashin tumaki.
Ba ni ta kalla ba, keken ta kalla.
"Wannan ai na Abdón ne.
Ga jan fentin, ga ƙullin waya a birkin baya.
Yana da rai?"
Na ce yana da rai.

Leonilde sunanta. Ta miƙo ruwan mazarƙwaila mai tururi,
yankan cuku na narkewa a ciki.
"Zauna kan kututturen nan, nasa ne.
Kowace Lahadi nan yake sauka,
ya sha kofi biyu, ya zagi tudu da wanda ya yanka hanyar,
ya tura keken har bishiyar turaren can,
sannan ya hau, don mutanen sama su gan shi a sirdi."

Na yi dariya har na ƙware.

Na tura har bishiyar. Na hau.
A ƙololuwa kwari ya buɗe baki,
ga Pesca can ƙasa, kamar tsabar da aka watsa wa kaji.
Na saki birki.
Ruwan ido na gudu baya zuwa kunnuwa,
iska ce, ko kuma ba iska ba.

Da yamma na shigo, laka har gwiwa.
Ya ɗaga girar da ke da rai.
"Kwana nawa?"
"Goma sha huɗu."
"Kin sauka?"
Na ce, "Ƙafata ba ta san ƙasarsa ba."

Ya daɗe yana kallona.
Sannan rabin bakin ya motsa:
"Har yanzu kofin nan ne nata,
mai karyayyen hannu?"