Shafi Na Arba'in

A kantina na Ƙofar Guga,
tsakanin kwalaben maganin tari da kwalin auduga,
akwai littafin bashi mai baƙin bango.
Shafi na arba'in ba shi da suna.
Nata ne.

Tabawa, 'yar masassaƙin turmi daga Mani.
Ba a binne cibiyarta a gidan sarauta ba,
aure ya kai ta.
Ran da aka yafa mata alkyabba
ta raɗa wa ƙanwarta:
"Nauyi gare ta, sai ka ce damin gero ya sha ruwa."

Aka koya mata takun ƙasaita,
da magana ƙasa-ƙasa,
da amsa gaisuwa da ka.
Duk ta iya.
Wuce mai nishi ne kawai ta kasa,
don uwarta a kan bencin asibiti ta cika,
da takardar likita a dunƙule a hannu,
kuɗin ledar ruwa biyu ya gagara.

Ran Alhamis, bayan la'asar,
ba jakadiya take aikowa ba.
Ita ce da kanta, a keke napep,
cikin koɗaɗɗen mayafi ruwan toka.
"Alhaji Mamuda, karanto mini."
Sai in karanto:
allurar haƙori-ya-riƙe ta yaron mai faci,
maganin hawan jini na tsohuwar Rafin Daɗi,
madarar jaririn da bai ga uwa tasa ba.
Ta kwance bakin zane, ta ƙirga,
ta sake ƙirgawa.

Kada ku ce waliyyiya ce.
Harshe gare ta kamar barkonon Kaita,
tana iya tsayawa jayayya kan naira goma.
Wata rana ta kama ni na yi ƙari a lissafi.
Ba ta ɗaga murya ba.
Ta dube ni, ta ce:
"Daga bakin wa ka cire wannan?"
Shekara goma sha tara ke nan,
har yau tambayar na tashe ni da dare.

Damina ɗaya kwalara ta shigo gari,
shafin ya cika ya tumbatsa har bayan bango.
Alhamis ta zo, Tabawa ta zo,
wuyan hannunta fayau,
sai sawun warwaro a kan fata.
Ban tambaya ba. Ita ma ba ta ce ba.

Da ta rasu, a fada aka yi zaman makoki.
Aka ambaci mijinta da kakannin mijinta,
aka ce Allah ya jiƙan Gimbiya.
Ni ina can bayan taro, kusa da takalma,
da littafina a aljihu.

Jiya wata mata ta miƙo takarda
tana kallon ƙasa.
Na ɗauko maganin, na buɗe shafi na arba'in,
alƙalami ya tsaya.
Wa zai biya?

Na rubuta dai.

Yau da hantsi sai ga wani saurayi,
hannunsa duk baƙin taya.
Ya ajiye 'yan canji a kan tebur, ya ce:
"Babana ya ce akwai wani shafi a nan.
A sa wannan."

Na ƙirga.
Na sake ƙirgawa.